Wani ya ɗauki hoton kalmomi 12 na walet ɗina, in ci gaba da amfani da shi?

Malam Na Gabas:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai amsa ya sauko da bayanin ƙasa-ƙasa, ni sabon shiga ne a wannan harka.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. A watannin baya na samu ɗan aiki ta intanet, ana turo min muryoyin Hausa ina saurara ina rubutawa, da dare nake yi bayan isha'i. Masu aikin suna ƙasar waje. Sun ce ba sa biya ta banki, sai da USDT, wani kuɗin kirifto mai bin darajar dala, kuma in turo musu adireshin walet, wato asusun riƙe kirifto, wanda ya fara da 0x, a kan hanyar turawa da ake kira BNB Smart Chain. Kuɗin wata biyu sun taru, dala 85. Na san a wurin wasu ba wani abu ba ne, amma ni da su nake son sayen taki kafin damina ta faɗi, ragowar kuma in biya wa 'yata kuɗin jarrabawa.

Ranar Alhamis da na shiga cin kasuwar Maigatari na tafi da laftof ɗina, na hannu ne na saya a Kano. Na kai wa wani yaro mai shagon buga takardu. Ya sa min manhajar walet ta MetaMask a cikin Chrome, wannan mai hoton kan dila. Yana cikin dannawa sai wasu kalmomin Turanci guda 12 suka fito, ya ce in rubuta. Na laluba aljihu babu biro, shagon kuma cike da masu jiran fotokofi, sai ya ce bari ya sauƙaƙa min. Ya ɗauki hotonsu da wayarsa ya turo min ta WhatsApp. Da aka zo wurin kalmar sirri kuwa ya kau da kai, ni na sa da hannuna, bai gani ba. Na ba shi naira 1,000 na yi godiya.

A mota muna dawowa abin ya riƙa dawo min a rai. Tunda bai san kalmar sirrina ba, hoton nan zai yi masa wani amfani? Yaron na san mahaifinsa, mutanen kirki ne, ba na son in ɗauki alhakinsa da zato.

Sai na biyu. Ba mu da wuta. Kullum da safe nake kai laftof ɗin wurin mai caji da ke da sola, sai na taso daga makaranta nake ɗauka. Ƙanena ma yana kallon fina-finai a ciki, a fulash yake kawo su. Wannan da matsala? In kuma aka ce a takarda zan rubuta kalmomin, ina zan ajiye ta? Ɗakina na ƙasa ne, bara gara ta shiga akwatina ta cinye gefen takardar shaidar NCE ɗina.

Har yanzu dai ban tura wa masu aikin adireshin ba.

Abu Sadik Ringim:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ba ka tura ba. Kada ka tura wannan adireshin, kada ka bari ko dala ɗaya ta shiga cikinsa.

Kuɗin kirifto ba a cikin laftof ɗinka suke zama ba, ba kuma a cikin MetaMask ba. Suna rubuce ne a wani babban kundi da dubban kwamfutoci a duniya suke riƙe da shi tare, wanda ake kira bulokcen. Abin da MetaMask yake riƙe maka shi ne makullin da ke ba ka ikon motsa su. Wannan makullin daga kalmomin nan 12 ake fitar da shi. A allon za ka ga sun kira su Secret Recovery Phrase. Duk wanda yake da su, a jere yadda suka fito, zai iya sauke MetaMask a wayarsa ko a Legas yake ko a Dubai, ya shigar da su, ya sa tasa sabuwar kalmar sirri, walet ɗinka ya buɗe masa. Ba za a tambaye shi taka ba. Kalmar sirrin da ka ɓoye kwaɗo ce a ƙofar laftof ɗinka kaɗai, ba ta bin kalmomin zuwa wata na'ura.

Batun yaron, ni ma ban ce ɓarawo ne ba. Amma ka duba inda hoton yake yanzu. Yana cikin wayarsa, yana cikin taka, wataƙila ya riga ya hau Google Photos ɗinsa ba tare da ya sani ba. Gobe wayar ta lalace ya kai gyara, ko ya sayar, ko abokinsa ya ara. Ba amanarsa kaɗai kake jingina da ita ba, har da ta duk wanda wayar za ta ratsa hannunsa. Ko ya goge a gabanka hankalinka ba zai kwanta ba.

Tunda babu komai a ciki, ba ka yi asara ba. Ka zauna kai kaɗai a ɗaki, ka tanadi biro da takarda tun kafin ka kunna. Ka cire MetaMask ɗin da ya sa maka gaba ɗaya daga Chrome. Sannan ka rubuta metamask.io da hannunka a saman burauza, kada ka nema a Google ka danna na farko, don 'yan damfara suna sayen talla su ɗora shafin bogi a sama. Daga can zai kai ka Chrome Web Store. Kamfanin Consensys ne ya fitar da shi tun 2016, masu amfani da shi miliyoyi ne, in ka ga wanda mutum ɗari biyu suka sauke to ba shi ba ne. Ka zaɓi ƙirƙirar sabon walet, ka sa kalmar sirri doguwa wadda ba lambar wayarka ba ce ba kuma shekarar haihuwarka ba. Da kalmomin sun fito ka rubuta su da lamba, 1 zuwa 12, ka duba harafi-harafi. Daga jerin kalmomi 2,048 ake zaɓo su, wasu suna kama da juna, harafi ɗaya ya isa ya ɓata maka lissafi ranar da kake buƙata.

Wani kuskure da na ga mutane suna yi: a cikin tsohon walet ɗin akwai wurin ƙara sabon asusu, sai mutum ya danna ya ga sabon adireshi ya fito, ya ɗauka ya tsira. Bai tsira ba. Duk asusun da ka ƙara a nan daga waɗancan kalmomin 12 aka haife shi, mai hoton zai gan shi. Sabbin kalmomi kake buƙata.

Mai caji kuma, ka riƙa kashe laftof ɗin ɗungurum kafin ka kai, ba rufe murfi kawai ba, ka sa wa Windows ɗin kalmar sirri. A cikin saitin MetaMask akwai wurin da za ka sa ya kulle kansa bayan minti biyar. Fulash ɗin ƙanenka ya fi damuna a kan mai caji. Fulash da ke yawo shagon masu tura fina-finai shi ne babbar hanyar bairos. Akwai irin wanda aikinsa kawai ya jira ka kwafi adireshin walet, da ka zo liƙawa sai ya musanya da na ɓarawo. In da hali ƙanenka ya koma kallo a waya.

Maman Hanifa:

Malam, ka ji maganar Abu Sadik. Ni a jikina na gani, shi ya sa ba zan wuce ban yi magana ba.

Ina aure a wani gari kusa da Kura, ina sayar da atamfa da mayafai daga gida. Lokacin da mainin ya cika gari a 2024, kowa yana danna waya yana jiran ta fashe, ni ma na shiga ta hannun ƙanin maigidana. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba, amma na koyi harkar, har na fara ajiye ribar atamfa a USDT saboda yadda naira take narkewa a hannu. Na tara dala 210. Kalmomina a takarda suke, cikin kwallar da ke ƙarƙashin gado, ban taɓa ɗaukar hotonsu ba.

Wata rana na tura kuɗi ban ga sun isa ba. Hankalina ya tashi, na rubuta a wani zaure na Telegram ina tambaya. Ko minti biyu ba a yi ba wani ya biyo ni ta gefe, da hoton dilan nan a fuskar asusunsa, ya ce shi ma'aikacin sashen taimako ne. Ya yi min magana a tsanake, har da ba ni haƙuri. Ya turo linki ya ce walet ɗina ne ya rabu da sabar, in shigar da kalmomin a gyara. Shafin sak na gaske, launi da komai. Ina goye da Hanifa, tuwo yana kan wuta, na jawo kwallar na ɗauko takardar na kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya yi ta juyawa. Na je na tuƙa tuwo na dawo, na buɗe walet na ga sifili. Kuɗin da na tura tun farko kuwa ashe sun isa, jinkiri ne kawai aka samu.

Na kwana uku ban iya gaya wa maigida ba. Babu bankin da zan je in yi kuka, babu manajan da zai tsayar da kuɗin. A BscScan, shafin da ke nuna abin da aka tura ta BNB Smart Chain, ina kallon adireshin da suka tafi da ranar da minti, amma ba mai dawo da su, don abin da aka tura a wannan harka ya tafi ke nan. Bayan sati sai ga wani kuma wai shi gwani ne wajen ƙwato kuɗin da aka sace, in ba shi dala 30. Allah ya taimake ni wannan karon na toshe shi.

Don haka Malam, ba mai shago kaɗai za ka kiyaya ba. MetaMask ba sa bin mutum ta Telegram ko WhatsApp, ba sa tambayar kalmomin nan. Wuri ɗaya ake shigar da su, cikin manhajar kanta, ranar da ka canza na'ura. Kuma kana rubuta tambaya a nan ma, kada ka yi mamaki in wani ya biyo ka ta akwatin sirri yau ɗin nan. In ka wayi gari ka ga wani baƙon koyin ya shigo walet ɗinka kyauta, da sunan wani shafi a jikinsa, kada ka taɓa shi. Tarko ne, so suke ka je shafin ka haɗa walet ka danna amincewa, wannan dannawar ita ce ba su izinin kwashe USDT ɗinka ko ba su san kalmominka ba.

Baffa Mai POS:

Allah ya mayar miki da alheri Maman Hanifa.

Malam, ni ta wani ɓangaren zan zo, don a Taura nake sana'ar POS kuma samari suna yawan zuwa min da irin wannan. Ka ce taki za ka saya. Ke nan kuɗin ba zama za su yi ba, naira kake so a hannu. To ka sani daga MetaMask sai ka sake tura su wata kasuwar musaya kafin su zama naira, kuma turawar tana cin kuɗin gas, wato ladan turawa. A kan BNB Smart Chain galibi da BNB, wato kuɗin kirifto na ita hanyar, ake biyan gas ɗin, ba da USDT ba. Ɗan kaɗan ne, bai kai dala ɗaya ba, amma in ba ka da shi za ka iya zama kana kallon dala 85 ɗinka sun ƙi motsi. A daidai wannan gaɓar ce mutane suke rikicewa su faɗa hannun irin wanda ya cuci 'yar'uwarmu.

Shi ya sa nake ganin ga mai fara koyo, ya buɗe asusu a kasuwar musaya da hukuma ta sani, ya ba masu aikin adireshin ajiya na can. Shi ma da 0x yake farawa in ka zaɓi wannan hanyar. Kuɗi na shiga ka sayar, naira ta faɗo bankinka. Yanzu ba kamar da ba ne. A Fabrairun 2021 CBN ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, a Disambar 2023 ya janye, a Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ba kasuwannin musaya na Quidax da Busha amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC. Za su nemi BVN ko NIN ɗinka da hoton fuska. Ka dai duba da kyau sun karɓi USDT ta hanyar da masu aikinka za su turo, don USDT ɗaya ce amma hanyoyinta da yawa. Ta Tron adireshinta da T yake farawa. Ta Ethereum da ta BNB kuwa duk 0x ne, a nan ake yin kuskure, mai turowa ya bi wata hanya kai kana jira a wata.

Kowanne ka zaɓa, ka roƙe su su fara turo dala 5 ka gani da idonka kafin su saki sauran. Kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗin ya juya maka su ninka cikin wata ɗaya, ka tuna CBEX da ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025.

Abu Sadik Ringim:

Baffa, maganar gas gaskiya ce, na manta ban faɗa ba. Ga kuɗin da za a cire a ranar, hanyarka ta fi sauƙi, ban musa ba. Inda nake tsayawa shi ne kada Malam ya saba da barin kuɗi a can. A kasuwar musaya makullin yana hannun kamfani. FTX babba ce a duniya, ta durƙushe a Nuwambar 2022 da kuɗin mutane a ciki. Binance kuma a Maris 2024 ta daina hulɗa da naira, mutane suka yi ta faɗi-tashin neman wata hanya. Aikin nan nasa mai ci gaba ne, wata rana zai so ya ajiye dala 20 ko 30 a gefe. Gara ya koyi riƙe walet ɗinsa yanzu da babu komai a ciki.

Malam, in za ka kwafi adireshi, daga cikin MetaMask ɗin kake kwafa kowane lokaci, ba daga jerin tsofaffin mu'amaloli ba. Ɓarayi suna turo sifilin kuɗi daga adireshi mai kama da naka a farko da ƙarshe don ka kwafi nasu. Haruffa 42 ne, ka duba shida na farko da shida na ƙarshe, ka leƙa tsakiya ma. Shi adireshi ba sirri ba ne, kamar lambar akawun yake, kowa zai iya gani.

Kawu Na Auyo:

Yaro, ba wanda ya amsa maka batun gara, bari in amsa. Na girme ku duka a nan ina zato, na yi ritaya daga aikin gona na ƙaramar hukuma, ɗana ne ya sa ni cikin wannan abu.

Mu nan ba gara kaɗai ba ce. A ambaliyar 2022 ruwa ya shigo mana cikin dare, ɗakuna biyu suka zauna. Takardun gonata da na fansho na same su sun zama kamar kunu a cikin jaka. Tun daga nan na daina yarda da takarda ita kaɗai. Na samu murfin tsohuwar tukunyar alminiyam, na yanke shi da almakashin gwangwani kamar faɗin tafin hannu, na zauna bayan sallar asuba da ƙusa 'yar inci uku da ƙaramar guduma na huda kalmomin da ɗigo-ɗigo, kowacce da lambarta. Kwana biyu na yi ina yi. Kada ka kai wa maƙeri ko mai walda ya yi maka, ka koma gidan jiya ke nan. Kafin ka samu yin haka, ka rubuta a takarda biyu, ka naɗe kowacce a leda ka sa a kwalba mai murfin ƙarfe. Gara ba ta cin kwalba. Ɗaya a ɗakinka a sama, ɗaya a wani gida daban da ka yarda da shi, don gobarar hunturu ba ta zaɓar ɗaki. Kada ka rubuta sunan MetaMask a jiki.

Sai abin da ku matasa ba ku son ji. Rai a hannun Allah yake. Kuɗin banki in mutum ya rasu magada za su bi da takardar kotu su karɓa. Wannan kuwa in ba wanda ya san inda kalmomin suke, haƙƙin marayu ya salwanta har abada, ba alƙalin da zai iya fito da shi. Ni uwargidana ta san inda ƙarfen yake, babban ɗana ya san abin da ake yi da shi, kuma na rubuta a wasiyyata cewa akwai shi. Kai ma ka samu mutum ɗaya.

Malam Na Gabas:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Hanifa, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Abin da kika faɗa ya faru, mutum biyu sun biyo ni ta akwatin sirri tun kafin la'asar, ɗaya har da cewa shi ɗan Gumel ne. Ban amsa ba.

Jiya da dare bayan yara sun kwanta na hau tudun bayan makaranta inda sabis ya fi ƙarfi, na cire tsohon na sauke sabo daga shafin da Abu Sadik ya faɗa. Na dawo ɗaki na rufe ƙofa kafin na buɗe kalmomin. Sau uku na karanta su da tocila ina gwadawa da abin da na rubuta, na tarar na juya haruffa biyu a kalma ta tara, na gyara. Hoton WhatsApp ɗin na goge shi. Kawu, na samu kwalaben zuma guda biyu, ɗaya tana wurin mahaifiyata, na kuma yi wa maiɗakina bayani. Murfin tukunyar sai ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Baffa, na fara buɗe asusun musayar, ya tsaya a wurin hoton fuska saboda sabis, zan ƙarasa in na shiga Gumel. Wannan biyan na farko ta can zan karɓa saboda takin, na kuma rubuta wa masu aikin su fara da dala 5, sun amince. Na wata mai zuwa nake so ya shiga MetaMask, in ka nuna min yadda zan sayi ɗan BNB ɗin gas in tura can.

Ƙanena ya ɗan yi fushi a kan fulash ɗin, na ba shi tsohuwar wayata. Yaron shagon kuma ranar Alhamis zan biya in zauna da shi, don na ga yana yi wa wasu ma irin yadda ya yi min, kuma na tabbata bai san nauyin abin da ke cikin wayarsa ba. Zan tafi masa da biro da ɗan littafi ya ajiye a kan tebur.